Ranar da Tarin Illa Ya Zama Kiɗan Gayya

Muna tsakiyar noman gayya a gonar Kawu a Dumega, sai taubashina Illa ya tsaya cak, ya dogara da hauya yana tari. Shi ne fa da safe ya zo daga Dogon Dutsi, sigari a baki, yana cika baki wai shi zai fara kaiwa ƙarshen gona.

Kawu da furfurarsa ya zo ya wuce shi. Makaɗi kuwa ya sauya kiɗa, duk tari ɗaya sai ya buga ganga sau ɗaya. Dariya ta hana mu aiki.

Na ce, "Taubashi, ina ƙarfin nan naka?"

Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Mai tebur ya kwashe shi kara-kara, kuma ni na riƙa biyan shi."

Ya zaro kwalin sigarin zai binne, Kawu ya ce, "Ba a gonata ba, kada gerona ya fito yana tari."

Illa dai ya ce ya bari. Ku da kuka taɓa bari, wace dabara za ku ba shi? Gayyar baɗi na nan tafe.