Safiyo da Saƙon da Ba Ya Gaisuwa

Kafin motar farko ta tashi daga tashar Talata Mafara, Malam Ishaq Labbo ya riga ya zauna bakin aiki. Daga sallar asuba yake zarcewa shagonsa, wani ɗan ɗaki mai ƙofar langa-langa tsakanin mai faci da mai shayi. Wayoyi uku ne a kan teburin, sai tsohuwar kwamfuta da ya ɗaure murfinta da roba. Ba ya karyawa sai ya gama kiran mutanensa: mai shayin Lambar Bakura, mai gadin ruwa a wajen madatsar Bakolori, ungozomar Morai, da duk direban da ya kwana a Maradun. Abin da yake tambaya bai taɓa canzawa ba. Wa ya wuce, ta ina, ya isa? In ya gama ji, sai ya danna haruffa huɗu ko biyar ya aika. Nan take, a cikin wayoyin direbobi fiye da ɗari, wata hanya ta koma ja, wata ta koma kore. Da wannan suke sanin inda za su kai rayukan mutane a ranar, da inda ba za su kai ba.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aikin. Hawan jinin ido ya cinye masa na hagu, na dama kuma yana bin sahu. Ba wanda zai shirya masa taro, don ba ma'aikatar da ta ɗauke shi aikin. Shi ya sa na ce bari a rubuta.

Direbobi Safiyo suke ce masa, domin shekara ashirin da takwas ya yi yana awon magudanan ruwan noman rani tsakanin Maradun, Mafara da Bakura. Ba burtalin da bai taka ba. Da ya yi ritaya sai ya buɗe shagon nan yana sa wa direbobi taswira a waya, irin wadda ke magana da muryar mace tana nuna hanya. Ba a jima ba ƙorafi ya fara zuwa. Taswirar tana shan data kamar rairayi, kuma da an bar kwalta sai ta tsaya tana juyi, don sabis ɗin ƙauye ba ya iya ɗaukar nauyinta. Muhammad Nasidi, tsohon direban layin Bakura, ya dangwarar masa da waya a kan tebur ya ce, "Safiyo, cire min wagga mata. Hagu, dama, hagu, dama, sai ka ce hwaretin soja. Ni in ba a ce min gabas ko yamma ba, ban san inda nike ba."

Malam Ishaq ya yi dariya, amma ya riƙe maganar. Ya naɗi muryarsa ya sa a madadin ta matar, tana cewa yi gabas, yi arewa. Ya goge sunayen da ba wanda ya sani, ya rubuta waɗanda bakin mutane ya saba da su. Har ma ya juya taswirar gabas ta koma sama, tunda mutumin da ke fuskantar gabas sau biyar a yini daga can yake auna duniya. Ni da na shekara talatin da biyu ina koya wa yara cewa arewa ce saman taswira, ban taɓa tambayar wanda ya yanke hakan ba sai da na ga wayar Nasidi.

Wannan duk ƙaramin abu ne. Babban ya faru ne a daminar shekara shida da suka wuce.

Yari maƙwabcinsa ne kuma amininsa, ya girme shi da shekara huɗu. Ƙaramar mota yake ja, yana ɗauko 'yan kasuwa daga Ruwan Gizo duk ranar Talata. Wata Talata da hantsi Gwaggo Hadizatu, ungozomar Morai, ta kira Malam Ishaq ta ce ta ga babura da mutane ɗauke da bindigogi sun gangara kwarin da ke kan yanken da Yari ya saba bi. Ya kira Yari sau uku, layi bai shiga ba. Sai ya danna wurin naɗar murya.

To, wa zai buɗe wa na gaba da shi baki ba gaisuwa? Haka aka tarbiyyantar da shi, haka aka tarbiyyantar da mu duka. Ya yi sallama. Ya ce an tashi lahiya, ina gajiya, ina ruwa, yaya Larai da yara, yaya jikin tsohuwa. Cikin sauri ya yi, amma ya yi. Saƙon ya kai minti ɗaya da daƙiƙa hamsin, kuma "kada ka bi kwari" tana can a daƙiƙa goman ƙarshe.

Khadija mai daddawa tana cikin motar, Allah ya yi da sauran kwananta, ita ta ba da labarin. Ta ce a Ruwan Gizo sanda ɗaya ce ta sabis a wayar Yari. Ya ga saƙo ya shigo amma ya ƙi buɗewa. Ya ɗaga wayar sama, ya taka taya ya hau, abin yana ta juyawa. Fasinja suka fara gunaguni kasuwa za ta ci ba su. Sai ya sauko yana murmushi ya ce, "Safiyo na. Gaisuwa ta. In mun isa mu gaisa baki da baki."

A bakin sitiyari aka harbe shi. Aka tafi da mutum biyu.

Wayar tana aljihunsa aka kawo shi Mafara, kuma da motar ta shigo gari, inda sabis ke da ƙarfi, sai ta yi ƙara. Saƙon ya sauka. Ranar uku Larai, matar Yari, ta kunna shi a tsakar gida cikin mata masu zaman makoki. Malam Ishaq yana zaune a ƙofar gida tare da maza, katanga ce kawai tsakani. Ya ji muryarsa tana tambayar lafiyar Larai da yara, tana tambayar ruwan sama. Ya ji ta har ƙarshe. Ba wanda ya dube shi, kuma rashin duban ya fi masa ciwo.

Kowa ya ce masa kwana ne ya ƙare. Ban musanta ba, ni ma musulma ce. Sai dai na lura, a tsawon shekaruna, masu saurin faɗin haka ba su cika gyara komai ba bayan sun faɗa. Malam Ishaq ya karɓi ƙaddara, sannan ya koma shago ya yi abin da ya iya, wato awo. Ya hau babur ya bi ƙauyuka yana gwada nauyin saƙon da sanda ɗaya ta sabis za ta iya ɗauka. Ya gano murya ba ta wucewa, hoto ba ya wucewa, amma gajeren rubutaccen saƙo yakan samu kafa ya kutsa. Daga nan ya shiga ragewa. Taswirar duka ya zuba ta a katin waya, ta zauna can, ba sai an riƙa janyo ta daga sama kullum ba. Kowace hanya ya ba ta lamba. Abin da ya canza kaɗai ake aikawa: lambar hanya da harafi guda. Wayar direba ta karanta da kanta, ta shafa wa hanyar ja, muryarsa ta ce, "Kada ka bi Morai." Wata bakwai ya yi yana gwadawa yana ɓatawa, yana tambayar malaman kwamfuta abin da ya shige masa duhu, da furfurarsa.

Kuma bai yi wa kowa iri ɗaya ba. Mai raunin ido ya ƙara masa girman layi. Wanda ajami ya iya, da ajami sunayen suke fito masa. 'Yan kabu-kabu, da ba su da hannun duba waya, murya kawai ya bar musu.

Kada a zaci an gode masa nan da nan. Wani dattijo a ƙungiyar direbobi ya tare shi a gaban jama'a ya ce, "Malam, saƙo ba sallama ba gaisuwa? Mu dabbobi na? Boko ya kai ka nan?"

"Alhaji, ka yi haƙuri," in ji shi. "Kai dai ka iso. In ka iso, ka taho shago in gaishe ka har ka gaji."

Kuma ya cika. Duk direban da ya shigo tasha ya leƙa shagon, sai Malam Ishaq ya miƙe ya riƙe hannunsa ya bi gidansa kaf da tambaya. An daɗe ana koya mana cewa ladabi a tsawon magana yake. Ni dai ban ga mai ladabin da ya kai mutumin da ya yarda a kira shi marar tarbiyya don wani ya koma gida ba.

Shekarar da aka rufe layukan waya a jihar nan, wayoyin mutane suka zama fitila kawai. Na direbobinsa ba su mutu ba, don taswirar tana cikin kati, kuma tauraron ɗan'adam da ke nuna wa waya inda take ba ruwansa da sabis. Labarin hanya kuwa daga bakin masu shigowa yake tattara shi, direbobi su yi layi a ƙofar shago da safe yana zuba musu daga waya zuwa waya. Gwaggo Hadizatu ta shaida mini cewa a cikin watannin nan ne ta ɗauko wata mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, da rana tsaka, suka tarar ruwa ya cinye kwalbati. Direban bai san wata hanya ba. Wayar ce ta bi da su ta gefen magudanar ruwa, wata siririyar hanya da ba ta cikin taswirar kowa sai ta wanda ya auna ta da ƙafarsa. "Ɗiyar tana nan tana gudu," in ji Gwaggo. "Uwar ma ko sunan Safiyo ba ta sani ba."

Kai ne, Safiyo, mai awon da bai auna wa kansa hutu ba. Kai ne ka ɗauki kuskuren minti biyu ka yi ta biyan sa da asubahin shekara shida, alhali ba kotun da ta kama ka, ba bakin da ya zarge ka. Na san ba dukansu ka tsirar ba. Akwai ranakun da ka sa kore, daji ya ƙaryata ka, ka kasa cin abinci. Waɗanda suka isa lafiya kuwa ba su da lissafi, domin wanda bai gamu da komai a hanya ba bai san an cece shi ba.

Da idon ya fara tafiya, damuwarsa ba makanta ba ce. Wa zai aika saƙon safe? Taswira ba mai ba ta labari, zane ce kawai, kuma hanyar da ta kwana kore tana iya wayewa kabari. Mutum biyu suka gwada. Na farko bai jure sammako ba. Na biyu, mutumin kirki, ya ga saƙon ya yi tsirara da yawa, ya ƙara masa sallama da addu'a a gaba, wayoyi suka kasa gane shi, rabin layin Maradun suka fita ba labari. Allah ya tsare ranar. Malam Ishaq ya dawo kujerarsa yana kanga waya dab da idon dama, hawaye na zuba don zafi, yana lalubar haruffa.

Ranar Laraba da ta wuce, yana cikin wannan lalube, sai inuwa ta tare masa ƙofa. Bai gane fuskar ba, muryar ya gane. Larai ce. Tun rasuwar Yari take koyar da matan aure karatu a unguwarsu, shi kuwa shekara shida ke nan yana zagaye ta bayan masallaci don kada ya bi ta ƙofarta.

Ya miƙe. "Larai... an tashi lahiya? Ina..."

"Lahiya lau. Malam, mota nawa sunka tashi?"

"Ba ko ɗaya tukun."

"To zamna. An ce min kana neman mai aika saƙo, ka tambayi kowa ban da ni."

Ya koma ya zauna. Can ya ce, "Da wane ido zan dube ki?"

"Wanga da ya rage ma ba gani yakai ba," ta ce. Mai shayi, da ke jin su, ya ce shi bai san ko dariya zai yi ko kuka ba. "Kana zaton ban ganin ka kana zagaye? Saƙon nan naka yana nan, ban goge ba. Na ji shi ya hi sau ɗari. Mutum ukku sunka san da baburan nan a ranar, kai ɗai ka neme shi. Ban riƙe ka ba, Malam. Kai ka riƙe kanka. Matsa min kujera, rana tana yi."

Ya matsa. Ya faɗa mata wanda za ta fara kira, ta kira. Ya faɗa mata lambar hanyar Garbadu da harafin da za ta sa. Yatsunta ba su saba ba, ta goge sau biyu, ta ɗauki minti huɗu a abin da yake yi cikin ƙiftawa. Ta aika. Suka zauna suna jira. Sai ga Nasidi ya leƙo da waya a hannu, ya ce Garbadu ta yi ja, zai zagaya ta kwalta. Ya dubi mai zaune a kujerar, ya dubi Malam Ishaq, ya cire hularsa ya mayar, ya fita.

Tun ranar ita ke aikawa, shi yana gefe yana zuba mata abin da ke kansa: wace hanya ruwa ke yankewa, wane mai ba da labari ne ke ƙara gishiri, wane ne ba ya magana sai ya gani da idonsa.

Mun gode, Malam Ishaq. Allah ya saka maka da abin da mu ba mu iya ba, ya ji ƙan Yari, ya ƙarfafa hannun Larai, ya kawo mana ranar da hanyoyinmu ba za su buƙaci ja ba. Ku kuma masu ilimin na'ura, 'ya'yanmu da jikokinmu, kafin ku ƙera mana abu ku je Ruwan Gizo ku ga ko zai buɗe. Mu sauran, wanda ya ga abu a hanya ya fara faɗin abin, sauran magana ta biyo baya.

Wanda kuma ya taɓa isa gida ta hanyar da Safiyo ya nuna, shagon yana nan tsakanin mai faci da mai shayi. Ku je ku gaishe shi, ku ja gaisuwar yadda kuke so, yanzu yana da lokacinta. Likita ya ce idon daman ba zai kai kaka ba. In kun makara har bayan kaka, ku fara faɗa masa sunanku.