Ƙofar Mai Shara

Ina jiran a sa hannu a takardar kayan da na kawo, mai sharar ofishin kuma tana zaune kan kifaffen bokiti, tana hutun rana. Ta manyanta. Sabulu ya cinye mata yatsu, ƙafar tabaraunta ɗaure da zare. Wasa take yi a waya: wani tsohon gida mai duhu, ba faɗa, ba magana, sai ɗigar ruwa da wata ƙofa a kulle. Duk alamar da ta gani a bangon gidan, sai ta zana ta a bayan kwalin sabulu.

Akawu ya leƙo. "Mama, kwana tara a ƙofa ɗaya? Kawo in nemo miki amsar, minti ɗaya ne."

Ta kife wayar a cinya. "Ɗan nan, tun safe ake nuna mini inda zan goge. Nan ma sai an nuna mini?"

Ina jin duk ƙofar da ta taɓa buɗewa ta wani ce.

Hutu ya ƙare, ƙofar ba ta buɗu ba. Ta ninke kwalin, ta cusa a aljihu, ta ɗauki tsintsiya.

"Gobe," in ji ta. Da ƙofar take, ba da shi ba.