Littafin Ganyen Baba

Babanmu mai lambu ne. Shekara da shekaru ya yi yana kula da furannin wani gida a Nassarawa GRA, mu kuma muna zaune a ɗakunan baya na ma'aikata. Masu gidan suna canzawa, Bature ya tafi Alhaji ya zo, amma Baba da tiyon ban-ruwansa suna nan.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano idonsa ya fara tafiya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage kuma ba zai daɗe ba. Ni na raka shi asibiti. Ina ta sharɓar kuka a hanya, shi kuwa ko a jikinsa. Sai da muka iso gida ya ce, "Ke, da zan sake ganin littafin ganyen nan, da na ji daɗi."

Tun ina yarinya nake jin labarin littafin nan. Wani Bature da ya zauna a gidan ya taɓa kiransa falo ya buɗe masa shi. Hotuna ne baƙi da fari na wani tsohon mai ɗaukar hoto na ƙasarsu, ganyaye da barkono da bawon itace, an ɗauke su kusa-kusa har ganye ɗaya ya cika shafi. Sau ɗaya tak Baba ya gani, Bature ya kwashe kayansa ya tafi.

To ina zan fara? Ban san sunan littafi ba, ban san sunan mai hoto ba. Wadda ta cece ni wata Malama ce, Kirista 'yar Zariya, da muke koyarwa tare a wata firamare a Badawa. Ina kwatanta mata barkonon ta ce ta san mutumin, ta rubuta mini sunansa a takarda. Na kai babban kantin littattafai, aka ce sai an yi oda daga waje, kuɗin ya fi albashina, kuma sai na jira watanni. Na fito raina a ɓace. Ko da ina da kuɗin, idon Baba ba shi da watannin.

Malama ta ce in gwada wani dattijo mai tsofaffin littattafai a gindin darbejiya, hanyar Tudun Wada. Shi ke sayen abin da masu barin GRA suka zubar. Na je. Ya dubi takardar, ya dubi hijabina tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Hajiya, ni littattafan makaranta da na addini kawai nake sayarwa." Sau uku ina komawa, sau uku yana ba ni wannan amsa. Wallahi a na ukun saura kaɗan in kifar masa da tebur.

Da na gaya wa Malama sai ta fashe da dariya. Ta ɗauko jakarta muka tafi tare. Ko gama gaisawa ba su yi ba ta ce, "Haba Malam, fito da buhun. Ƙanwata ce, ba turo ta aka yi ba."

Ashe tun da aka fara zancen Shari'a bawan Allah ya tsorata, ya tattara duk littafin da ke da hoto ya cusa a buhu ƙarƙashin tebur. Ni kuma ya ɗauka an aiko ni ne in gano abin da yake ɓoyewa. Ya laluba ya zaro guda biyu, duka na mutumin nan, yana ta sunkuyar da kai.

"Sai dai ki yi haƙuri, Hajiya, ba cikakku ba ne. Mutumin nan ba ganye kaɗai yake ɗauka ba, har da mutane babu sutura. Na sa reza na yanke su duka. Yanzu wa zai sayi yankakken littafi? Ki ba da abin da ya sauƙaƙa."

Abin da na biya bai kai kuɗin kwanon shinkafa biyu ba. Shi yana ba ni haƙuri, ni ina sa wa rezarsa albarka a zuciyata. Da cikakku ne da ba zan iya saye ba, kuma da wane ido zan buɗe wa ubana su?

Washegari da hantsi na shimfiɗa wa Baba tabarma a gefen mangwaro, inda haske ya fi. Na buɗe masa guda, ya kai shafin dab da fuskarsa har hancinsa na taɓa takarda. Ni kuwa ina tsoron na makara. Ya ƙura wa wani hoto ido, wanda ni na zaci zane ne aka yar a ƙasa.

"Kabeji!" in ji shi. Ya bi jijiyar ganyen da yatsa, sannan ya yi tsaki. "Kai, Bature bai iya ba. Da rana ya tsinke shi, dubi yadda ya yi laushi. Ai da sassafe ake tsinka."

Na yi dariya har da hawaye, ya ce in daina shashanci in juya masa shafi. Haka muka yi ta yi kullum da hantsi har ƙarshen damina, yana yaba wannan yana kushe wancan.

Bayan idon ya rufe gaba ɗaya bai daina cewa in ɗauko littafin ba. Wata rana na buɗe masa kabejin na ce, "Baba, jijiyoyi biyar ne suka taso daga gindi."

Ya ce, "Shida. Duba hagu, akwai ƙarama a ƙarƙashin lanƙwasar."

Na duba. Tana nan.