Wuyan Baƙin Bunsuru

Kakarmu, Iya Mero, daddawa take yi, kuma kowa ya san kalwa ba ta nuna da wuri. Tun la'asar ake ɗora tukunya, a yi ta tura mata itace. Wutar nan ce ta zame mana dandali a ƙauyenmu da ke gefen Ringim. Da an idar da isha'i sai mu kewaye murhu, ni da ƙanena Habu da 'ya'yan maƙwabta, hayaƙi na shiga mana ido, warin kalwa na kama mana riga. Washegari a makaranta ba mai son zama kusa da mu, mu kuwa ko a jikinmu.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta gyara itace ta ce, "Ga ta nan ta iso, ƙafarta duk toka." Mu ce, "Ta shigo, mun share mata wuri." Tana da na ban dariya da yawa, amma wadda ta biyo ni har Doha ba ta da daɗi. Na tuno ta ne lokacin da aka raba Habu da aikinsa, kuma har yau ta ƙi barina.

Wai a garin dabbobi akwai turke a ƙofar alƙali Dila. Garin na fararen tumaki ne, sai wani baƙin bunsuru da ya zo cin rani ya zauna. Duk ranar da aka wayi gari an ci harawar wani, kafin a tambayi kowa sai a kamo bunsuru a ɗaure a turken, wai har a gama bincike. Ya wuni a rana. Can da yamma a gano gara ce ta ci, ko ragon sarki ne ya tsallaka danga. Sai Dila ya sa a kwance shi, ya ce, "Sai haƙuri, malam, ka ga ai gaskiyarka ta fito." A nan Iya takan maƙe murya tana shafa gemun da ba ta da shi, mu yi ta ƙyalƙyala dariya.

Yau ɗauri, gobe ɗauri, har igiya ta cinye gashin wuyan bunsuru, ta bar masa zobe. Ran nan aka fasa rumbun gari. Dila ya tara jama'a ya ce, "Yau ba sai mun wahala ba. Ku dubi wuyan wannan. Wanda igiya ta ci wa wuya haka, ai ba yau ya fara ba." Tumaki suka ce gaskiya ne, alhali a gabansu aka yi ta wanke shi. Aka kore shi daga gari. Hatsi bai daina ɓacewa ba. Sai aka duba, aka ga wata tunkiya mai ɗigon baƙi a kunne, aka ja ta zuwa turke.

Habu, wanda tun yana ƙarami ba ya haɗiye magana, ya ce, "Iya, me ya hana shi tsinke igiyar?"

Ta ce, "Kai ɗan nan, igiya ai ko'ina akwai ta. Ya tsinke wannan a kawo wata. Turken ne ba wanda ya ce a tumɓuke." Ta leƙa tukunya, ta ƙara ruwa. "Ƙurunƙus. Kan ɓera na wanda ya riga kowa barci."

Ni na fara zuwa Doha, ina tuƙin bas. Daga baya Habu ya biyo ni, ya samu gadi a wani dogon bene na haya a unguwar Al-Sadd. A lokacin korona, da kowa ya kulle kansa, masu kawo saƙo kan ajiye kayan mutane a ƙofar shiga. Wata rana kwalin wani ya ɓace. Masu gadi da dama ne a ginin, daga ƙasashe daban-daban, kuma Habu ne kaɗai baƙi. Shi ne wanda manajan ginin ya nuna wa 'yan sanda. Ya wuni a kan benci da takunkumi a fuska yana amsa tambayoyi, kafin wani ya tuna akwai kyamara a ƙofar. Ashe maƙwabci ne ya ɗauka bisa kuskure. Aka ce masa da Larabci, "Khalas, yalla," wato shi ke nan, tafi, ya dawo bakin aiki. Bayan nan keken wani yaro ne, aka same shi a saman bene. Bayan nan jakar wata mata, wadda ta manta a tasi. Kowane karo shi ake fara kira, kowane karo a wanke shi.

Na ce ya yi haƙuri, yana da mata da yara a gida da ke jiran abin da zai aika. Ya ce, "Yaya, haƙurin nake yi. Amma ko sau ɗaya a fara da wani mana."

Da gasar cin kofin duniya ta zo, ginin ya cika da baƙi 'yan kallo. Agogon ɗayansu ya ɓata, aka sake tafiya da Habu. Kafin magariba mai agogon ya gan shi a aljihun nasa wandon, har ya zo ya ba Habu hannu. Amma washegari manaja ya kira shi ofis ya ce, "Ba mu ce ka ɗauki komai ba. Sai dai zuwanka wurin 'yan sanda ya yi yawa, masu haya sun fara magana." Kafil, wato ubangidan da ya tsaya masa ya shigo ƙasar, ya sa hannu, aka yanka masa tikitin gida.

Ban taɓa jin ƙyamar wani abu kamar ta wannan magana ba. Mutumin da ya yi ta tura shi can, shi ne yake ƙorafin ya cika zuwa. A makon nan kuwa ina ɗaukar 'yan kallo zuwa filin wasa, suna tsalle suna rera sunayen baƙaƙen 'yan ƙwallo. A filin jirgi Habu ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Yaya, Iya fa ta gaya mana. Mu ne muka tsaya dariyar gemun Dila."

Nakan ji a rediyo ana muhawara kan gyaran shari'a a ƙasashe daban-daban, har da tamu, inda talaka kan tsufa a gidan yari yana jiran a saurare shi. Ana maganar alƙalai da lauyoyi, kuma duk daidai ne. Ni dai abin da na gani da idona ya faru ne tun kafin a kai ga alƙali: wa ake fara kamawa, kuma me ke bin mutum bayan an ce ba shi da laifi. In wankewa ba ta goge zargi, to ba wankewa ba ce, ajiya ce ake yi wa mutum sai ranar da za a buƙace ta.

Kwanan baya na bi ta Al-Sadd, na tsaya a ƙofar ginin. Wani saurayi ɗan Zango daga Kumasi ne a kujerar Habu, baƙi kamar mu, rigar aikinsa a goge. Muka gaisa, na tambaye shi aiki.

Ya ce, "Alhamdu lillahi, babba. Shekaranjiya dai an ɗan kai ni wurin 'yan sanda a kan wata waya, amma an gan ta. Ba komai."

Na ce Allah ya kyauta. Yana ta murmushi, ni kuwa wuyansa nake kallo.