Tsohon Ya Faɗi

Da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, ni na dage aka ɗauko shi daga ƙauyenmu na Katsina zuwa gidana a Lugbe da ke babban birnin tarayya, don nan asibiti ya fi kusa. Ya samu sauƙi, yana dogara sanda har masallaci, sai dai hannun dama bai koma daidai ba. Likita ya ja ni gefe ya ce ciwon yakan dawo, kuma na biyu ya fi na farko muni. Tun daga ranar, duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Maigidana a Lakwaja yake aiki, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Yara suna makaranta, ni kuma ina wani ofishin gwamnati a Sheda, in fita da sassafe in dawo gab da magariba. Baba ne kaɗai a gida, shi da rediyo. Mutumin da ya saba da gona, zaman ɗaki ya fara cinye shi, sai na sa aka haɗa masa akurki a bayan gida, na sayo kajin Hausa shida da zakara. Nan da nan ya farfaɗo. Shi ke jiƙa dusa, shi ke kwashe ƙwai a cikin hularsa, shi ke rigima da muzurun unguwa. Muka daina sayen ƙwai. In aka tashi cin nama maigidana ke yankawa, Baba na tsaye a kansa yana gyara masa riƙon wuƙa.

A cikin kajin akwai wata ja da mai kaji ya cuce ni da ita, don tun kafin in sayo ta ta kwana biyu a duniya. Ƙwai huɗu ta yi mana ta yi ritaya. Baba ya riƙa kiranta tsohuwa, ya kuma hana a taɓa ta. In na tsokane shi da cewa sabo da kaza ba ya hana yanka, sai ya ce in duk wanda ya daina amfani yanka shi ake yi, da shi za a fara. Ba na son wannan barkwancin nasa ko kaɗan.

Wata Laraba bayan azahar, ina tsakiyar buga takarda, maƙwabciyata ta kira. Mutumiyar Filato ce, kirista, katangarmu ɗaya kuma gajeriya ce, shi ya sa na roƙe ta ta riƙa leƙa mini Baba.

"Hajiya, tsohon nan naku ya faɗi a bayan gida. Ya miƙe ƙafa, ba ya motsi, sai ido kawai. Ki yi sauri kafin ya mutu."

Wayar ta katse. Na sake kira, a kashe, dama kwana uku ba mu da wuta. Na kira ta Baba, tana ta ringin ba a ɗauka, ko da yake na san ƙarƙashin filo take kwana take wuni. Ban tuna abin da na gaya wa ogana ba. Na dai ga kaina a bakin titi babu jaka, ina ɗaga wa kowace mota hannu, har tankar mai.

Na ji tsoro a rayuwata, amma ban taɓa jin irin na cikin motar nan ba. Direban yana tsayawa ɗaukar fasinja a kowace kwana, ni kuwa ina jan Innalillahi, in kai tsakiya in manta sauran. A Gwagwalada muka tarar da cunkoso. Ina kallon masu tallan ayaba suna dariya, ina jin haushinsu kamar su suka kayar da shi. Abin da ya fi cin raina shi ne rana: ina ganinsa kwance a kan siminti mai zafi, kaji suna tsallake shi, ƙofar gida a kulle. Wata mata kusa da ni ta tambaya ko lafiya, sai ta riƙe mini hannu har muka wuce Giri.

Ɗan acaɓan da ya shiga da ni unguwa, tun bai gama tsayawa ba na dira. Na yi tsammanin taron mutane a ƙofa, ban ga kowa ba, wannan ma ya ƙara tsinka mini zuciya. Na zagaya bayan gida da gudu.

Baba na zaune a kan kujerar tsuguno, sandarsa a jingine, wuƙa a ƙasa. A gabansa jar kazar ce a miƙe. Maƙwabciyata na tsaye a gefe, tana ganina ta ce ai na makara, tsohon ya riga ya mutu.

Na zauna daɓas a cikin kashin kaji. Shekara nawa ina jin matar nan tana cewa yarinyana ya tafi makaranta, har in yi mata dariya in ce ita a wurinta duniya duk maza ne. Amma ranar ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa tsohuwar kazar take nufi ba. Ashe Baba yana masallaci ta hango kazar ta faɗi, ta san mu ba ma cin mushe, shi ne ta kira don in turo mai yankawa. Da ya dawo kazar da sauran numfashi. Ta riƙe masa, ya ɗauki wuƙa, hannun ya ƙi. Ya aike ta neman wani musulmi, ta zagaye layin kaf, kowa ya tafi aiki.

Baba ya daɗe yana kallona, gyalena a hannu, ina haki ina share hawaye.

"Kin ɗauka ni ne."

Na gyaɗa kai. Ya tambayi tun yaushe na taso, na ce an fi awa ɗaya. Ya jinjina kai, ya ɗauki wuƙar da hagu ya goge ta a gefen kujera duk da ba ta taɓa jini ba.

"'Yar nan, ki mayar da ni gida. A can in na faɗi ba waya za a buga ba, ɗaga ni za a yi."

Na ce masa a can babu asibiti. Ya ce ya sani. Washegari kuma da sassafe na ajiye masa magani da kunu, na ja ƙofa, na tafi Sheda.