Mama Namaemba, Wadda Ba Ta Ɓoye Mana Mutuwa

Kafin a kaɗa ƙararrawar safe, Mama Namaemba ta riga ta zaga ɗakunan kwananmu da sandarta ta gora, tana ƙwanƙwasa ƙafar gadaje. "Ku tashi, gimbiyoyi, ruwan rijiya ba zai zo da ƙafarsa ba!" Daga nan ta duba farce, ta duba kitso, ta leƙa tukunyar wake da masara ta yi wa mai girki faɗa a kan ƙwari, sannan ta zauna bakin ɗakin marasa lafiya da kofin shayinta. Haka muka same ta tana kula da ɗalibai a makarantar kwana ta 'yan mata da ke gindin dutsen Elgon a ƙasar Kenya, haka kuma 'ya'yanmu suka same ta. Ƙarshen wannan zango za ta ajiye aiki ta koma gonarta a Kimilili, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da idona ya gani tun tana iya ji.

A zamaninmu in yarinya ta bar gida, to ta bar shi ke nan sai hutu, ba waya ba komai. Don haka kowace sabuwa akan ba ta uwar makaranta daga manyan ajujuwa, ta koya mata ninke bargo, ta tare mata faɗa, ta yi mata kitso ranar Asabar. Kitson nan kuwa shi ne duk abin taƙamarmu. Akwai kuma wata doka da ba ma so: in an yi rasuwa a gidan yarinya, jarrabawa kuma ta kusa, sai a yi shiru har hutu, wai don kada hankalinta ya tashi.

Khakasa ƙawata ce, gadonta na kusa da nawa. Duk ranar ziyara babanta kan zo a keke da ɗaurin rake, mu kuma mu yi ta shisshige mata kamar ba mu taɓa ganin rake ba. Wata ranar ziyara sai gwaggonta ce ta zo, ba rake, ido jawur, kuma ofishin shugaba ta fara shiga. Mama ta gani. Da yamma muna shara ƙarƙashin tagar ofis muka ji muryar Mama tana magana da shugabar.

"Madam, an binne uban yarinyar nan, gobe dangi za su yi askin makoki kamar yadda al'ada ta tanada."

"Na sani, Namaemba. Doka ce, sai an gama jarrabawa."

"To in ta koma hutu da kitso har kafaɗa, ƙannenta duk kai a aske, ita wace ce a gidan? Baƙuwa?"

"In kika fitar da ita, kada ki sa ran aikinki zai jira ki."

Sai muka ji ƙarar makullai a kan tebur. "Ga su nan, Madam. In mun dawo sai ki ga ko za ki mayar min."

Ta kira Khakasa gindin bishiyar gwaiba, ta faɗa mata kai tsaye, ba kwana-kwana, ta riƙe ta har kukan ya lafa. Washegari da sassafe suka hau motar madara. Khakasa ta zauna a jere da ƙannenta, aka aske su tare a gaban kabarin ubansu.

Da ta dawo, kai tas, wasu marasa kunya suka fara kiranta "Ƙwarya". Ranar Asabar kowa na kitso, ita tana gefe ita kaɗai. Sai uwar makarantarta, Nabangala, wadda ta fi kowa gashi, ta ɗauki reza ta nufi Mama.

"Mama, ki aske min."

"Ke kuma wa ya mutu a gidanku?"

"Ba kowa. Amma ai 'yata ce."

Mama ta dube ta sama da ƙasa. "Kunnuwan nan naki za su fito fili, kada ki zo min da kuka." Ta aske ta. Daga ranar ba wadda ta sake cewa Ƙwarya, kuma har muka bar makarantar, duk yarinyar da aka yi wa rasuwa ba ta zama da askakken kai ita kaɗai.

Madam ta aiko wa Mama da makullanta. Khakasa ta ci jarrabawa, ban da lissafi, wanda dama can ba ta iya ba. Ba a taɓa soke dokar ba, ba a kuma sake aiki da ita ba.

Mama, ke ce kika raka yara sun fi a ƙirga zuwa gidajensu, a motar madara, a bayan keke, wani lokaci a ƙafa cikin taɓo. Uwar marasa baƙo ranar ziyara. Kin yi mana faɗa har mun tsane ki, yau ga mu muna kewar faɗan.

Kwanan baya na kai mata sukari, na tambaye ta me ya sa ta yarda ta rasa aikinta saboda aski. Ta ci gaba da ɓare masararta.

"Ina makaranta uwata ta rasu, aka ɓoye min. Na koma hutu da mayafin da na saƙa mata, ina kiranta tun daga bakin shinge. Ƙannena suka fito, gashinsu har ya fara tsirowa."

Mun gode, Mama Namaemba, Allah Ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma da aka ba amanar 'ya'yan mutane, ku yi koyi da ita: kada ku bar wata yarinya ta shiga gida tana kiran wanda ya riga ya tafi.