Baba Tsaya-Tukuna Da Gadon Ɗan Mai Kitso

Kafin masu shaguna su gama ɗage ƙofofinsu, shi ya riga ya share gaban nasa. Zai jingina kekensa da bango, ya cire riga ya rataye a ƙusa, ya saƙala fensir a bayan kunne, ya zura tef ɗin awo a aljihu. Daga nan sai ka ji zarto ya fara kuka. Haka muka taso muka same shi a layin nan, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da katifa, har gashinsa ya koma launin dusar katakon da ke zuba a ƙafarsa.

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Baba Tsaya-Tukuna kowa ke ce masa, domin duk gaggawar da ka zo da ita, da wannan kalmar zai tare ka. Kafinta ne, yana yin kujera da ƙofa da tebur kamar kowa, amma abin da ya fi shahara da shi ƙaramin gadon jariri ne, irin wanda ake haɗawa da gefen gadon uwa. A ƙarshen watan nan zai rufe shago. Ido ya fara hazo, hannu ya fara rawa, ya ce ba zai jira ranar da zai manta tsinin ƙusa a gadon ɗan wani ba. Shi ya sa na ga ya dace a faɗi wane ne shi tun yana jin mu da kunnensa.

Mai sayar da katifa, wanda ya fi kowa ganin rigimarsa da masu saye, ya ba ni labarin wani matashi da matarsa ke dab da haihuwar fari. Ya shigo da rawar jiki, ya miƙa waya.

"Baba, irin wannan nake so, sak!"

Baba ya ɗaga tabarau ya ƙura wa hoton ido. Gado ne cike da filo, da bargo mai gashi, da 'yar tsana a kowace kusurwa, ga zare-zare na ado suna reto daga sama.

"Tsaya tukuna, ɗana. Wannan gadon jariri ne ko shagon kayan kwalliya? Shi yaron a ina zai ajiye hancinsa?"

Ya zaunar da shi ya yi masa karatu. Katifa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, wadda ta cika gadon dam ba ta bar rami a gefe ba. Zanin gado ɗaya a ɗame. Babu filo, babu 'yar tsana, babu igiya ko ta ado. Yaro ya kwanta a bayansa. Sannan ya ɗauko wani tsohon gwangwanin lemo da yake ajiyewa a kan benci, ya nuna masa yadda yake gwada tsakanin sandunan gado da shi: in gwangwanin ya wuce, to sandunan sun yi faɗi, sai a sake. Matashin ya fita yana ƙunƙuni. Washegari ya dawo, wai matarsa ta ce abin da ma'aikaciyar jinya ta gaya musu a asibiti ke nan.

Kuma Baba ba ya sayar da gado daga shago ka ɗauka ka wuce. Sai ya je gidan da kansa, ya nemi izini, ya auna tsayin gadon uwar, ya ɗaure na jaririn a jikinsa ya jijjiga da ƙarfinsa, ya cusa hannu tsakanin katifun biyu ya tabbatar babu inda ƙaramar fuska za ta faɗa. In ya ga igiyar labule a kusa, sai an matsar da gadon kafin ya sha ruwan gidan.

Amma labarin da ya sa na ɗauki alƙalami na mai kitso ne.

Wata baiwar Allah ce a bayan layinmu, ba ta ji tun tana ƙarama. Da hannu take magana, da hannu take neman abincinta, kuma duk matar da ta taɓa zama a gabanta ta san yatsun nan ba na wasa ba ne. Mijinta direban babbar mota ne, in ya tafi sai ya kwana biyu a hanya. Da Allah ya ba su ɗa namiji, aiki aka yi mata kafin a ciro shi, ko tashi zaune sai an kama ta.

Surukarta, uwar mijin, ta tare a gidan don taimako. Ba muguwar mace ba ce, kowa ya shaida. Amma ranar da aka sallamo su ta yanke hukunci: yaro a ɗakinta zai riƙa kwana.

"Ba ƙin ta nake ba," in ji ta. "In ya yi kuka wa zai ji? In ya shaƙe fa? Da rana ta ɗauki abinta, in za a kwanta a miƙo min shi."

Ƙanwar mai kitso, wadda ke fassara mata magana, ita ta faɗa min yadda fuskar yayarta ta koma da ta gane abin da aka ce. Ba ta yi gardama ba. Ta dai ƙanƙame yaron, hawaye na sauka a kan zaninsa. Wata maƙwabciya ta kawo dabara, wai a ɗaura zare a ƙafar yaro a ɗaura ɗaya bakin a hannun uwar, in ya motsa ta ji. Wata ta ce kawai ta sa shi a jikinta su kwanta tare. Surukar ta ƙi duka biyun, a nan kam ta yi daidai. Aka ci gaba da miƙa yaro ɗaki na gaba, uwar tana kwana da hannu a kan wurin da babu kowa. Abinci ya daina shiga, nono ya fara ja baya.

Da mai kitso ta ɗan samu ƙarfin taka ƙasa, ƙanwar ta sa ta a mota ta kawo ta shagon Baba. Suka zauna a dogon bencinsa, ƙanwar tana ta zuba bayani har da kuka.

"Baba, ko zaren nan za ka gyara mana ya zama mai laushi? Wallahi Yaya ta kusa ƙarewa."

"Zare da jariri ba sa kwana gado ɗaya, 'yata. Ko na alharini ne."

"To ya za mu yi?"

Baba ya juya zai ɗauki tef, gwiwar hannunsa ta ture guduma, ta faɗo a can ƙarshen bencin da suke zaune. Mai kitso, wadda ta ba wa wurin baya, ta zabura ta waiwayo.

Baba ya tsaya cak. Ya ce wa ƙanwar, "Kira ta da ƙarfi." Ta kira, ko gezau. Ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa bencin a hankali. Ta sake waiwayowa.

"Ku je gida," in ji shi. "Ku ce wa Hajiya, uwar mijin, ta ba ni ɗan lokaci."

Abin da ya biyo baya duk layin ya gani, kuma duk layin ya yi dariya. Dattijo ya toshe kunnuwansa da auduga, ya naɗe kai da rawani a kai, ya ɗora ƙaramin rediyo a kan katako, ya rufe ido ya dafa ɗaya gefen da tafin hannu. Ya ajiye wannan katakon ya ɗauko wancan. Mai kauri, mara kauri, busasshe, mai nauyi. Mai gyaran fanka ya leƙo yana ihu.

"Baba, lafiya? Ko katakon ne ya fara ba ka labarin duniya?"

Baba bai ji shi ba, ai kunne a toshe yake. Ya ci gaba da abinsa. Masu jiran kujera suka zo suka koma, aikin ƙofar wani ya kwana a jingine.

Kai ne, Baba, ka zauna a cikin shirun da wata ta rayu a ciki tun tana yarinya, don kawai ka gano ta inda saƙon ɗanta zai iso mata. Babu wanda ya sa ka. Ba 'yarka ba ce, ba ka ma iya gaishe ta da yarenta ba sai da ka koya.

Gadon da ya ƙera bai bambanta da sauran nasa ba a ido. Sanduna a matse, baki a goge sumul, babu warin fenti, gefe ɗaya yana sauka daidai da katifar uwa kuma ana iya ɗaga shi a kulle in ta tashi. Bambancin yana ƙasa. Allon da katifar jaririn ke kai, guda ɗaya ne mara nauyi, ya bar masa ɗan hannu da ya fito ta wajen sanduna, daidai inda tafin mai barci ke sauka. Kafin ya kai shi gidan, sai da ya ɗora shi a keke ya tura har asibiti, ya roƙi ma'aikaciyar jinyar da ta karɓi haihuwar ta duba masa. Ta jijjiga, ta danna katifa, ta ce a ƙara ɗaure ƙafa ɗaya. Ya ce to, ya ƙara.

Surukar ta tarbe shi a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Malam, ni fa ban raina aikinka ba. Amma katako ba kunne ba ne."

"Gaskiyarki, Hajiya. Ni ma ba na son ki yarda da bakina. Ki gwada."

"Zan gwada kuwa. Yanzu da rana, ina zaune ina kallo. In ya yi kuka na riga ta zuwa, magana ta ƙare, wurina zai ci gaba da kwana."

Ƙanwar ta fassara. Mai kitso ta dubi surukarta, ta dubi gadon, ta gyaɗa kai.

Baba ya ɗaure gadon ya fita, ya zauna a kan dakalin ƙofar gida yana murza hularsa. A ciki aka shayar da yaro, aka kwantar da shi a bayansa. Uwar ta kwanta ta ɗora tafinta a kan ɗan allon. Da farko idonta ƙyam a kan yaron, don tsoro. Amma jikin da ya daɗe bai huta ba ya fi ƙarfinta, numfashinta ya sauka, barci ya ɗauke ta. Surukar tana kan kujera a bakin ƙofar ɗaki, ƙanwar a tsaye a bayanta.

Fanka tana juyawa. Wata mota ta wuce a waje. Shiru ya yi tsawo har ƙanwar ta fara addu'a a ranta kada barcin yayarta ya yi nisa.

Sai yaro ya murɗa. Ya harba ƙafa, ya sake harbawa, ya buɗe baki ya saki 'yar ƙara siririya.

Yatsun mai kitso suka motsa kafin idonta ya buɗe. Ta juyo, ta miƙa hannu, ta jawo ɗanta ba tare da ta yunƙura ta fama ɗinkin cikinta ba. Kafin kukan ya yi ƙarfi ya riga ya kama nono.

Ƙanwar ta juya don ta ga fuskar surukar. Sai ta tarar da kan tsohuwar a langaɓe a jikin ƙofa, baki a ɗan buɗe, tana sharar barci.

"Mama! Mama, tashi ki gani!"

Ta farka a firgice. "Ni ba barci nake ba, ido nake hutarwa! Ina yaron? Ya yi kuka?"

"Ya yi, ya gama, har ya fara cin abinci."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta tako a hankali ta zauna a bakin gado, ta sa hannu ta share wa matar ɗanta gumin goshi. Ashe tun ranar da aka dawo daga asibiti ita ma ba ta yi barcin kirki ba, kunnenta a kan numfashin jikanta, tana tsoron ta runtsa wani abu ya faru a hannunta.

"Faɗa mata," ta ce wa ƙanwar, "ta riƙe ɗanta. Ni ma yau zan san na kwanta."

Da ƙanwar ta fito da gudu ta gaya wa Baba, sai ya miƙe tsaye. Ya sa hularsa, ya goge ido da bakin riga, wai dusar katako ce ta faɗa masa. Har ya hau keke ya sauko ya dawo.

"Ki gaya musu, ranar da ya fara yunƙurin zama ko kama sanda, a aiko min. Gadon nan ya gama aikinsa ke nan, sai a koma babba."

An aiko masa kuwa, ya je ya kwance da hannunsa. Yaron yanzu yana gudu a layi, ya iya maganar baki ya iya ta hannu, kuma kakarsa ce ke fara yi wa baƙi alfahari da uwarsa.

Baba, mun gode. Kai ne mai ƙera gado ka bi shi har ɗaki, mai ƙin sayar da abin da ranka bai kwanta da shi ba. Yara nawa suka yi barcinsu na farko a kan aikin hannunka suka tashi lafiya, ba su san fuskarka ba, kai ma ba ka nemi su sani ba. Allah ya hutar da kai, ya ƙara wa idonka haske, ya sa ka ga 'ya'yan jikokinka.

Ku kuma kafintocin da ke tasowa, shagon yana buɗe har ƙarshen wata, ku je ku zauna a gabansa ku tambaya, ba ya rowar sani. Iyaye masu jiran haihuwa, kada kyan hoto ya ruɗe ku, ku auna, ku jijjiga, ku cire duk wani tarkace daga inda jariri zai kwanta. In kuma kun ga wata uwa da ake shirin raba ta da ɗanta saboda wani rashi da ba ita ta ɗora wa kanta ba, kada ku ce babu yadda za a yi. Wani dattijo ya taɓa toshe kunnuwansa, layi guda na yi masa dariya, har sai da ya mayar wa wata uwa ɗanta gefenta.